SARDAUNA AHMADU BELLO DA MASAƘUN KAKURI

 

Kusan duk shekara idan muka hallara a gida bayan Salla, mutanen Kaduna da na Kano da na Abuja da na Ikko, akwai ƙorafi guda da ba ya rasa mai tayar da shi. Ƙorafin kuwa shi ne wai marigayi Sardauna, ɗan garin nan, ya riƙe Jihar Arewa shekara 11 da 'yan watanni, ya cika Kaduna da masana'antu, amma bai kafa mana ko guda a Rabah ba. Daga nan sai magana ta gangaro kan ƙungiyarmu, a ce ta tashi ta nemo mana masana'anta, ko ta casar shinkafa ce ko ta jimar fata, don yaranmu su daina tafiya cin rani. Ganin haka ne muka ga ya dace a wannan fitowa mu kawo tarihin wannan bawan Allah ta fuskar da ba a cika kawo shi ba. Siyasarsa da hidimarsa ga addini an rubuta su, an kuma rera su. Mu abin da za mu bi shi ne yadda ya ɗauki sha'anin masana'antu, da inda ya ajiye su, da dalilin ajiye su a can.

ASALI DA TASOWA

An haifi Ahmadu a nan Rabah cikin shekarar 1910. Mahaifinsa Malam Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya gafarta musu. Yana ɗan shekara 6 mahaifinsa ya rasu. Bayan karatun allo aka kai shi makarantar lardi a Sakkwato, daga can ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1926, ya fito a 1931, aka mayar da shi Midil ta Sakkwato yana koyarwa. Mu da muka bi layin malanta muna jin daɗin tuna wa jama'a cewa Firimiyan Arewa da alli ya fara, kuma wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san cewa ba a girbe yaro a shekarar da aka shuka shi.

A 1934 aka naɗa shi Sarkin Rabah yana da shekara 24. A 1938, da Allah Ya yi wa Sarkin Musulmi Hassan rasuwa, yana cikin waɗanda suka nemi gadon, amma Allah Ya ba Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Sai aka naɗa shi Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabas. A can ne aka yi masa shari'ar nan ta kuɗin jangali a 1943, wadda ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Ba za mu tsaya a kanta ba, don an sha faɗarta. Ya je Ingila a 1948 ya ga yadda ake mulkin ƙananan hukumomi, ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa a 1949, ya zama Ministan Ayyuka a 1952, sannan a 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

ABIN DA KE GUSAU A WANCAN ZAMANI

Zaman Gusau shi ne abin lura a wannan tarihi, domin Gusau ta wancan lokaci gari ne na jirgin ƙasa da kantunan Turawa da gidan gurzar auduga. Layin dogo ya ratsa ta ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Duk kaka, manoman Zamfara sukan ɗoro auduga a kan jakuna da raƙuma su kai fuloti, a aza a sikeli, a biya su, a gurje ta, a fitar da angurya, a ɗaure ta dila-dila, a loda wa jirgi sai Ikko, daga can sai Ingila. Bayan wata da watanni sai ta dawo a matsayin akoko da alawayyo da atamfa, manomin da ya noma ta ya saya da tsada. Kuɗin kaɗi da na saƙa da na rini duk sun zauna a Lankasha. Hakimin da ke karɓar haraji a irin wannan gari ba ya bukatar a zana masa wannan lissafi a allo.

Abin da ya ƙara wa lamarin ciwo shi ne ƙasar nan ba baƙuwar saƙa ba ce. Bajamushen nan mai yawon duniya, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma zo Wurno da Sakkwato a 1853. Ya rubuta yadda tufafin Kano, saƙaƙƙu rinannu, suke kaiwa har Tambutu da ƙasashen Sahara. Kakanninmu mata suna kaɗi da mazari a tsakar gida, maza suna saƙa, marina suna turawa, mabuga suna bugu. Jar fatar akuyar Sakkwato kuwa ta daɗe tana tsallaka hamada, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta hannun Larabawan Arewacin Afirka take isa gare su.

Da Turawa suka ci ƙasar, ƙungiyar noman auduga ta Ingila, wadda aka kafa a 1902, ta sa rai cewa Arewa za ta ciyar da masaƙun Lankasha. Babban dalilin da ya sa aka ja layin dogo zuwa Kano ke nan, ya isa a 1911. Sai dai manomi ya fi su iya lissafi. Masaƙanmu na gida sun fi Turawa biyan kuɗi mai kyau, gyaɗa kuma ta fi auduga riba, don haka daga 1912 jirgin da aka kawo don auduga ya koma ɗaukar gyaɗa. Duk da haka, a hankali noman auduga don fitarwa ya kafu a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Zamfara, daga baya har Gombe, yadin kanti kuma ya yi ta cin kasuwar saƙar hannu. Wannan shi ne halin da Sardauna ya tarar lokacin da mulki ya zo hannunsa.

DA KUƊIN WA AKA YI AIKIN?

Kafin mu shiga Kakuri, wajibi ne mu faɗi inda jarin ya fito, don matasanmu da yawa suna zaton kuɗin man fetur ne. Ba a fara fitar da man Nijeriya waje ba sai a 1958, kuma har Sardauna ya bar duniya bai zama ginshiƙin baitulmali ba. Kuɗin na manoma ne. A 1949 Turawa suka kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga, a 1954 aka mayar da su hukuma guda ta Jihar Arewa. Ita ke yanke farashi kafin kaka, ita kaɗai ke da izinin sayen amfanin da za a fitar waje. Takan sayi kaya a hannun manomi ƙasa da farashin kasuwar duniya, ta ajiye rarar. Da fari an ce ajiyar don ranar da farashi zai faɗi ce. Daga baya sai ta zama jarin gina ƙasa, ana zuba ta ta hannun hukumar raya Jihar Arewa, wadda aka haɗa a tsakiyar shekarun 1950, wato uwar kamfanin NNDC da muka sani.

Ra'ayinmu a nan shi ne, a riƙa faɗin wannan magana a fili. Duk bulon da aka aza a Kakuri akwai gumin wani talaka na Tsafe ko Funtuwa ko Gumel a cikinsa, wanda aka rage wa kuɗin buhunsa ba tare da an shawarce shi ba. 'Yan hamayya na NEPU sun yi ta kuka da wannan a lokacin, kuma kukansu yana da tushe. Haka nan ba duk kuɗin ne suka tafi inda ya kamata ba. An ba wasu masu faɗa a ji rance daga asusun raya ƙasa, wasu basussukan ba su dawo ba. Abin da za a ce game da Sardauna da Ministan Kuɗinsa, Alhaji Aliyu Makaman Bida, shi ne kaso mai tsoka na wannan ajiya ya koma abin da ido ke gani, kuma shi kansa Sardauna bai bar wata dukiya da za a nuna a ce ga inda rarar ta maƙale ba.

KAKURI

Masaƙar Kaduna Textiles, wadda kowa ya sani da KTL, ta fara aiki a 1957, kuma ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a Nijeriya. Gwamnatin Arewa ta kafa ta ne da haɗin gwiwar wani tsohon kamfanin saƙa na Lankasha mai suna David Whitehead and Sons. Akwai abubuwa a cikin yadda aka tsara ta da suka cancanci mai karatu ya tsaya ya dube su da kyau.

Na farko shi ne wurin. Kaduna ce mahaɗar layin dogo na Ikko da na Fatakwal da na Kano. Auduga tana gangarowa daga Funtuwa da Gusau da Zariya ba tare da doguwar tafiya ba, injuna da kayan gyara suna hawowa daga bakin teku a kan dogo, yadi kuma yana fita ta kowace kusurwa. Ga kogin Kaduna a gefe, masaƙa kuwa ba ta rayuwa sai da ruwa mai yawa, na wanki da na rini da na tukunyar tururi. Akwai ma wata bukata da wanda bai shiga masaƙa ba ba zai sani ba. Zare ba ya son busasshiyar iska. Idan hunturu ya kama, sai ya yi ta tsinkewa a kan inji, don haka dole a riƙa sanya laima a cikin ɗakin kaɗi da na saƙa dare da rana. Ga kuma tashar wutar lantarki. A shekarun 1950 garuruwan Arewa da suka haɗa dogo da ruwa da wuta wuri guda ba su da yawa.

Sai kuma irin abokin tarayyar da aka zaɓa. Kamfanin Whitehead masaƙi ne, sana'arsa ke nan tun kaka da kakanni. Ya zuba nasa kuɗin a cikin jarin, aka kuma damƙa masa gudanar da aikin. Ma'ana, idan masaƙa ta yi asara, da aljihunsa a ciki. Su ma ba don Allah suka zo ba. Yadin Japan da na Indiya yana ƙwace wa Lankasha kasuwa a Afirka ta Yamma, suka ga gara su shigo ciki su saƙa a nan, inda kuɗin kwastan zai kare su. Bukata ta haɗu da bukata. Wannan ya sha bamban da abin da ya yawaita a Nijeriya a farkon shekarun 1960, lokacin da dillalan injuna suka riƙa zuwa wa gwamnatocin jihohi da tayin gina masana'anta bashi. Irin wannan dillali ribarsa tana cikin sayar da injin ne, ranar da ya miƙa mabuɗi ya gama cin kasuwarsa, ko masana'antar ta yi aiki ko ta kwanta. Masana tattalin arziki da suka nazarci wancan zamani, irin su Peter Kilby wanda littafinsa kan masana'antun Nijeriya ya fito a 1969, sun sanya KTL a sahun waɗanda suka yi nasara, kuma irin wannan bambanci yana cikin dalilan.

Abu na gaba, wanda mu a ganinmu ya fi kowanne nuna hankali, shi ne kayan da aka fara da shi. Ba a fara da atamfa mai zane ko shadda ba. An fara da akoko, yadin talaka, wanda ake ɗinka taguwa da wando da shi, a rina shi a marina, a yi likkafani da irinsa. Kasuwarsa a shirye take, audugarmu ta dace da shi, kuma da yake kaya iri ɗaya ne, ba a tsayar da injuna don sauya zare ko zane. Ma'aikaci sabon shiga yakan ƙware da wuri a kan abu guda. Sirrin masana'anta ke nan, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Injin da aka saya da bashi, ko yana juyawa ko yana tsaye, kuɗin ruwan bashin yana tafiya, albashin manaja da na mai gadi suna tafiya. Idan ya saƙa yadi dubu a rana, a kan yadi dubu za a raba wannan nauyi. Idan ya saƙa ɗari uku, a kan ɗari uku za a raba shi, kowane yadi ya yi tsada. Shi ya sa masaƙun Kakuri suke aiki dare da rana, wasu ma'aikata na fita wasu na shiga. Waɗanda suka zauna Kaduna ta kudu a shekarun 1970 da 1980 suna tuna jiniya da tururuwar kekuna a lokacin canjin aiki.

Gwamnatin tarayya ma ta taimaka da nata dokokin. Akwai dokar 1952 ta tallafa wa sababbin masana'antu, da ta 1957 mai sauƙaƙa kuɗin kwastan a kan kayan aikin da suke shigowa da su, da ta 1958 mai ɗage musu harajin riba na wasu shekaru. Aka kuma ɗora kuɗin fito a kan yadin waje. Wannan ita ce manufar da ƙasashe masu tasowa da yawa suka bi a lokacin, wato a yi a gida abin da aka saba sayowa daga waje. Tana da amfani, tana kuma da tarko. Kariyar kwastan kamar zanen goyo ce, an yi ta ne don yaro ya yi ƙwari a sauke shi. Masana'antar da ta saba da goyo takan manta da rage tsadar aikinta, domin mai saye ba shi da wani zaɓi.

Da aka ga KTL ta tsaya da ƙafafunta, sai wasu suka biyo. Nortex ta zo a 1962, sai Norspin, sai Arewa Textiles wadda gungun kamfanonin kaɗi na Japan suka kafa tare da gwamnatin Arewa, sai UNTL ta attajirin nan na Hong Kong, Cha Chi Ming, waɗannan biyun a tsakiyar shekarun 1960. Gusau ma ta sami tata, Zamfara Textiles, a daidai wannan lokaci, kuma dalilin bai ɓuya ba: ga auduga, ga gidan gurza, ga dogo. A lura da yadda aka gauraya abokan hulɗa, Ingilishi da Japanawa da Sinawa. Bankin Arewa ma, wanda aka kafa a 1959, da wani bankin Labanan aka fara shi. Ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya ba.

Sardauna ya san cewa inji ba ya tuƙa kansa. Babbar damuwarsa tun kafin mulkin kai na 1959 ita ce ƙarancin 'yan Arewa masu ilmin zamani, kuma wannan ne tushen manufarsa ta fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, wadda ta jawo masa baƙin jini a Kudu har yau. Ko me mutum zai ce game da ita, an haɗa ta da gina makarantu. Makarantar koyon fasaha ta Kaduna ta buɗe a 1956, ita ce ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a watan Oktoba na 1962, aka haɗa mata cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, inda ake fitar da irin auduga mai kyau a raba wa manoma. Mai karatu ya dubi sarƙar: Samaru ta fitar da iri, manomi ya noma, hukuma ta tantance daraja a fuloti, gidan gurza ya gurje, dogo ya ɗauka, Kakuri ta kaɗa ta saƙa, 'yan kasuwar Kano su rarraba. Kowane zobe yana riƙe da na kusa da shi.

KALAMBAINA

Masu cewa Sardauna ya manta da gida sukan tsallake kamfanin siminti na Sakkwato. An kafa shi a 1962 a Kalambaina, Jamusawa suka yi ginin, aka tsara shi ya riƙa fitar da tan 100,000 a shekara. Bai fara aiki ba sai a 1967, bayan Sardauna ya kwanta dama. Me ya sa Kalambaina? Domin a nan Allah Ya ajiye dutsen farar ƙasa. Siminti kaya ne mai nauyi, ɗaukar dutsensa zuwa nesa asara ce, don haka masana'antar ce take bin dutsen. Nisan Sakkwato da teku ya zame mata kariya, don kafin simintin waje ya iso nan kuɗin mota ya ninka shi. Amma nisan nan dai shi ne ciwonta. Dogo bai taɓa zuwa Sakkwato ba, a Ƙaura Namoda ya tsaya, saboda haka man da ake ƙona dutsen da shi da kayan gyara duk sai a mota. Kamfanin ya sha wahala shekaru da dama yana aiki ƙasa da ƙarfinsa.

To, a nan amsar ƙorafinmu take. Idan birnin Sakkwato kansa, mai dutse a bayan gari, ya sha wannan wuya, ina ga Rabah ta shekarun 1950, wadda ba dogo, ba wutar lantarki, hanyarta kuma sai wanda ya bi ta da damina ya san ta? Da Sardauna ya so, da ya sa hannu an kawo mana gini da injuna, a yi biki, makaɗa su yi kiɗa. An yi wa wasu garuruwa haka a ƙasar nan, kafin shi da bayansa, kuma kangon yana nan jemagu na kwana a ciki. Kuɗin da za a binne kuwa na manoman da muka ambata ne. Muna iya cewa ya kamata a ce ya yi wa garin nan fiye da abin da ya yi ta wasu fuskoki, wannan magana ce da dattawa za su iya tattaunawa. Amma a kan masana'anta, mu dai ba mu ga laifinsa ba.

BAYAN 15 GA JANAIRU

A daren 15 ga Janairu 1966 sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka far wa gidansa a Kaduna, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Yana da shekara 55. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara a 1964 don ta ba masana'antu wuta mai araha, ba a gama ta ba sai a 1968.

Masaƙun ba su mutu da mutuwarsa ba. Sun ma ƙara bunƙasa. Zuwa farkon shekarun 1980 saƙa ce sana'ar da ta fi kowace ɗaukar ma'aikata a cikin masana'antun Nijeriya, atamfar Kaduna tana shiga Nijar da Kamaru da Chadi. Sai dai tun a lokacin zobban sarƙar sun fara saki. Kuɗin man fetur ya janye hankalin hukuma daga gona, noman auduga ya ja baya, har masaƙun da aka gina don audugar gida suka koma sayo ta daga waje. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, kayan gyara da sinadaran rini suka yi tsada, tsofaffin injuna suka gagara sauyawa. A wannan shekarar ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Manomi ya sami 'yancin sayarwa ga wanda ya so, wannan gaskiya ne, amma mai tantance daraja ya tafi, iri ya gauraye, aka fara samun auduga da yashi ko ruwa a ciki don ta yi nauyi a sikeli.

Sai wuta. Masaƙar da aka tsara ta yi aiki dare da rana ta koma jiran NEPA, ta sayi janareto, ta shiga layin neman baƙin mai na tukunyar tururi. Lissafin da muka yi a baya sai ya juyo da baya: yadi kaɗan, nauyi mai yawa. Ana cikin haka Nijeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Ko da aka mayar da haramcin daga baya, fasa-ƙwauri ya riga ya san hanya, daga Kwatano zuwa Maraɗi da Ƙonni, ya shigo ta kan iyaka ya sauka a Kantin Kwari. Atamfar Sin mai araha, wani lokaci ɗauke da zane da tambarin masaƙunmu, ta cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, kuma tun daga lokacin ba ta koma aiki ba. Nortex da Arewa Textiles suka bi ta cikin 'yan shekaru, UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007. An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da sashen, har UNTL ta sake buɗewa a 2010, Babban Banki kuma ya hana masu shigo da yadi kuɗin waje a 2019, amma Kakuri ba ta dawo yadda take ba. Rance ba ya maye gurbin wuta da auduga. Ma'aikatan KTL sun shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba, alhali masaƙar mallakar jihohin Arewa 19 ce, magadan gwamnatin da ta gina ta.

Abin mamaki, Kalambaina da ta fara da rarrafe ita ce ta rayu. An sayar da hannun jarin gwamnati a 2000, daga baya kamfanin BUA ya karɓi ragama, ya buɗe sabon layi a 2018 da wani mai tan miliyan 3 a 2022. Dutsen yana nan inda yake, masu gini ba su daina bukatar siminti ba, kuma kaya ne da ba ya ɗaukuwa a ɓoye a bayan babur.

Saboda haka idan maganar injin casar shinkafa ko majema ta sake tasowa a taron bana, muna roƙon shugabannin ƙungiya kada a fara da karɓar gudummawa. A fara da aika mutane fadama su ƙidaya buhu nawa ake samu, wata nawa a shekara injin zai sami abin casa, da wace wuta zai yi aiki, wa zai gyara shi idan ya tsaya, wa kuma zai zuba nasa kuɗin tare da namu ya zauna a wurin. A cikinmu akwai dattawan da suka yi shekara ashirin ko fiye a gaban injin kaɗi da na saƙa a Kakuri da Gusau, wasu sun dawo gida, wasu suna nan Kaduna suna ƙananan sana'o'i. Ba mu taɓa ganin an kira ko ɗaya daga cikinsu cikin kwamiti ba. Muna ba da shawara a nemo sunayensu kafin taro, a ba su kujera a gaba.

Allah Ya jiƙan Gamji ɗan ƙwarai, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya jiƙan iyayenmu da suka noma audugar. Amin.